Neman Abin Dariya a Aboabo

Na kife tukunyar wake da shinkafa tun la'asar,
na wanke ludayi, na jingine tsintsiya.

Mutala ya dawo daga Magazin, gwiwa duk baƙin mai,
ya yi wanka, ya ci tuwo, yana ta murza wuya.

Shekara sha tara muna gaban akwati guda,
amma na manta ranar da muka kalli abu ɗaya.

Shi ƙwallo: in an ci su, gidan sai ka ce makoki.
Ni wasan Indiya da Tonanci, kuka da soyayya.

Lawuratu ce ta bugo daga makaranta a Tamale:
"Ku nemi na barkwanci, ku biyu, ku ɗan yi dariya.

Kullum na kira, gidan tsit kamar ɗakin allura."
Yarinyar nan bakinta ba ƙofa, amma ta faɗi gaskiya.

To ga mu kan tabarma, fanka na juyi a kasale,
rimot a tsakaninmu kamar tsoka ɗaya a miya.

Ya danna, bai kama ba. Ya buga shi a tafin hannu.
Ya zare batir ya ciza, wai haka ake masa jinya.

Tashar farko fasto ne, gumi har cikin kwat.
Ta biyu mai maganin basir, kwalba uku da ƙarya.

Ta uku 'yan siyasa huɗu, ba mai sauraron wani.
Na ce wuce, wannan kyauta nake ji a bakin hanya.

Sai ga Turawa a falo. Wani ya shigo, kalma biyu,
wasu da ba a gani suka kece da shewa daga baya.

Mutala ya taɓa boko, ya ce bari ya fassara mini.
Kafin zancen ya iso, ya huce kamar kokon jiya.

Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Da Turanci ya fi daɗi."
Na ce, "Su ci abinsu." Ya ci gaba da juya.

Muka faɗa kan na Tonawa: ƙato ƙarƙashin gado,
mai gida a bakin ƙofa yana ihun kuɗin haya.

Har na fara ƙyalƙyala. Na waiga, fuskarsa a ɗaure.
Namu zai cika watan gobe. Na haɗiye, na ji kunya.

Ya ce, "Wannan ai ba wasa ba ne." Kafin in amsa,
ɗif! Aboabo kaf ta ce "Ooo!" da murya ɗaya.

Duhu. Sauro ya karɓi aikin da fanka ta ajiye.
Ya miƙe neman tocila, yana lalube, ba tambaya.

Na ji caɓal! Na ji tim! Na ji salati rabi.
Robar waken da na jiƙa na gobe ce a kan hanya.

Shiru. Ina lissafin sidi nawa ya taka,
sai daga ƙasa, cikin ruwa, na ji wata ƙaramar murya:

"Sahadatu, gobe ki ƙara sidi biyar a kwano,
ki ce da ƙafar sa kika dafa, ba ki yi ƙarya."

Wayyo cikina! Na riƙe bango, bango bai riƙe ni ba.
Shi ma yana shiƙa kamar injin da ya ƙi tafiya.

Har Maame Serwaa ta buga katangar da ke tsakaninmu,
da Hausarta ta kasuwa tana cewa, "Lafiya?"

Wuta ta dawo ƙarfe biyu. Akwatin ya farka shi kaɗai,
Turawan na can a falonsu, ba mai taya su dariya.

Da safe Lawuratu ta kira: "Mama, kun samu? Ya sunansa?"
Na ce muna kan nema, 'yar nan, abin da ɗan wuya.

Babanki na ɗingishi, yau bai je Magazin ba.
Waken kuwa, kwano huɗu, ya zama rabon akuya.